Ɗan Caca: Mai Laifi Ne Ko Majinyaci?

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta Ya kuma saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata tambaya wadda ke raba kan 'yan'uwa a gidaje da yawa, a duk lokacin da asiri ya tonu cewa caca ta cinye ɗaya daga cikinsu. Alal misali, a ɗauki magidanci tela, mai mata da 'ya'ya, wanda ba a taɓa saninsa da sata ko shaye-shaye ba, ba ya kuma rasa sallar jam'i. Sai a wayi gari a tarar ya sayar da kekensa, ya cinye kuɗin adashin da aka ba shi ajiya, ya jinginar da yadin mutane, duk a kan cacar ƙwallon ƙafa da yake bugawa a wayar hannu. Wansa ya biya bashin, shi kuma ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba zai ƙara ba. Bayan wata biyu ya koma.

Idan dangi suka taru a kan irin wannan mutum, bakinsu kan rabu biyu. Wasu su ce fasiƙi ne, tubansa tuban muzuru ne, a zare hannu daga lamarinsa duniya ta koya masa hankali. Wasu kuwa su ce ai ba yin kansa ba ne, ciwo ne ya kama shi, likitoci ma sun faɗa, saboda haka babu dalilin zarginsa. Kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya, amma kuma kowanne, idan aka bi shi shi kaɗai, ƙarshensa halakar mutumin ne da iyalinsa. To, wane ne ɗan caca a idon Shari'a da idon hankali, mai laifi ko majinyaci?

Hukuncin caca

Babu saɓani tsakanin malamai a kan haramcin caca. Larabawa a zamanin Jahiliyya suna da irin tasu da ake kira maisir. Sukan yanka raƙumi, su zuba kibau goma a cikin jaka, bakwai suna da rabo, uku ba su da komai. Waɗanda kibansu suka fito fanko su ne za su biya kuɗin raƙumin duka. Waɗanda suka ci kuwa sukan raba naman ga matalauta don a yaba musu da karimci. Watau tun a wancan zamani caca tana yafa mayafin alheri.

Alƙur'ani mai girma ya ambaci caca a Suratul Baƙara aya ta 219, inda ya auna amfaninta da zunubinta ya nuna zunubin ya rinjaya. Daga baya hani yankakke ya sauka a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, aka kuma bayyana dalili: tana haifar da gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, tana shagaltar da zuciya daga ambaton Allah da salla. Abin lura a nan shi ne, a wuraren nan biyu an jera caca ne tare da giya. Giya abu ce da ake sha ta shiga jini, caca kuwa babu abin da ke shiga cikin mai yin ta. Amma duk da haka an ɗaure su da igiya ɗaya, domin aikin da suke yi wa hankali iri ɗaya ne.

Abin da likitoci suka gano

An daɗe ƙwarai kafin ilmin likitanci ya iso wannan matsayi. A shekarar 1980 ce Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya jarabar caca cikin jerin cututtukan da take ganewa. A 2013 ta mayar da ita rukuni ɗaya da jarabar giya da miyagun ƙwayoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma, a sabon kundinta na cututtuka wanda ya fara aiki a watan Janairu na 2022, ta sanya ta cikin cututtukan jaraba. A ƙiyasin da hukumar ta fitar a 2024, fiye da mutum ɗaya cikin kowane ɗari na manyan mutanen duniya yana fama da wannan ciwo.

Yadda abin yake kama mutum shi ne kamar haka. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ake kira dofamin, wanda ke motsawa idan mutum yana sa ran samun abin da yake so. Wannan sinadari ya fi motsawa a lokacin da samun bai tabbata ba, watau ko a samu ko a rasa. Wani masanin halayya ɗan Amurka, B. F. Skinner, ya gwada haka da tattabaru a shekarun 1950. Tattabarar da ake ba tsaba duk sa'ad da ta caki maɓalli takan daina da wuri idan tsabar ta yanke. Wadda kuwa ake ba jefi-jefi, ba ta san ranar samu ba, ita ce ke nacewa tana caka har ta galabaita. A kan wannan sirri aka gina kowace irin caca, tun daga karta da kalo-kalo har zuwa cacar waya.

Bugu da ƙari, akwai abin da ya fi cin nasara haɗari, shi ne kusan ci. Mutum ya zaɓi wasanni goma, tara suka zo daidai, ɗaya ya yanke masa tikiti. A lissafi dai ya yi asara ke nan, daidai da wanda bai ci ko ɗaya ba. Amma zuciyarsa sai ta raya masa cewa saura ƙiris, gobe tasa ce. Alhali kuwa da a ce kowane wasa rabi-da-rabi ne, damar cin wasanni goma a jere ɗaya ce tak cikin 1,024, kuma kamfanin ya riga ya cire ribarsa a cikin farashin tun kafin a busa usur.

Likitoci suna gane ciwon da wasu alamu: mutum ya riƙa ƙara yawan kuɗin da yake zubawa kafin ya ji daɗin da ya saba ji, ya yi ta yunƙurin dainawa yana kasawa, ya shiga ƙunci da saurin fushi idan ya kwana biyu bai buga ba, ya riƙa yi wa iyalinsa ƙarya, ya dogara ga wasu su fitar da shi daga bashi. Babbar alama kuwa ita ce bin ramuwa, watau komawa don a dawo da abin da aka rasa. Har ila yau an tabbatar cewa wasu magungunan ciwon karkarwa na Fakinsan, waɗanda ke taɓa wannan sinadari na dofamin, sun jefa wasu majinyata cikin caca, mutanen da ba su taɓa kusantarta ba a rayuwarsu, kuma da aka sauya musu magani sai jarabar ta lafa. Wannan hujja ce mai ƙarfi cewa lamarin yana da tushe a cikin jiki. Saboda haka masu cewa ciwo ne ba su yi ƙarya ba.

Shin ciwo ya ɗauke laifi?

A nan ne ake bukatar natsuwa. Shari'a ta ɗauke alƙalami daga kan mutum uku: mai barci, da yaro, da wanda hankalinsa ya gushe. Ɗan caca ba ya cikin ko ɗaya. Ya san abin da yake yi haram ne, shi ya sa yake ɓoyewa. Yana iya tsara ƙarya mai kan gado, yana iya jira sai matarsa ta yi barci kafin ya ɗauko waya. Wanda ke iya wannan dabara mukallafi ne, hankalinsa yana nan. Abin da ya raunana shi ne linzamin da ke tsayar da shi, kuma da hannunsa ya fara sassauta shi. Malaman Malikiyya sun lizimta wa wanda ya bugu da gangan sakin da ya furta da ɓarnar da ya yi cikin maye, domin shi ya buɗe ƙofar da kansa. Haka ɗan caca yake game da amanar da ya ci da haƙƙin iyalin da ya tozarta.

Sai dai kuma ɗaukar laifi daban, iya fita daban. Mutumin da ya yi ganganci ya hau bango ya faɗo ya karye, laifinsa ne, amma ba mai hankalin da zai tsaya a kansa ya ce tunda kai ka jawo, tashi ka yi tafiya. Ɗori yake bukata, kuma wajibi ne a kansa ya miƙa ƙafar ga maɗori. To, haka nan jarabar caca. Kasancewarta ciwo bai wanke mai ita ba, ya dai ƙara masa wani wajibi ne a kan wajibin tuba, shi ne neman magani. Wanda ya san rantsuwarsa ta karye sau uku, sa'an nan ya ƙi gaya wa kowa, ya ƙi neman taimako, ya ci gaba da dogara ga ƙarfin zuciyar da ta riga ta ba shi kunya, wannan ya yi sakaci na biyu.

Wannan fahimta ba baƙuwa ba ce ga Musulmi. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi a kan kiyaye lafiyar jiki da ta rai, inda ya nuna cewa rai yana ciwo kamar yadda jiki ke ciwo, kuma ana yi masa magani. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin a kan horar da rai, ya kuma yi raddi ga masu cewa hali ba ya sauyawa, da hujjar cewa da haka ne da wa'azi da tarbiyya sun zama aikin banza. Karin maganar nan da ke cewa hali zanen dutse ne tana da gurbinta wajen yin hattara da mutane, amma ba a yanke wa mai neman tuba hukunci da ita.

Tuban muzuru

Masu cewa a yi watsi da shi suna kafa hujja da komawar da yake yi. Lalle akwai tuban ƙarya, na wanda ke kuka don a biya masa bashi ya samu sararin komawa. Amma ba kowace komawa ce ke nuna ƙarya ba. Bukhari ya ruwaito labarin wani sahabi wanda aka sha kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya, ana yi masa haddi yana komawa. Ran nan wani daga cikin jama'a ya gaji ya tsine masa. Sai Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. A dubi wannan ma'auni da kyau. Ba a ɗage masa hukunci ba, ba a kuma yarda a fitar da shi daga cikin jama'a ba. A wata ruwayar mai kama da wannan an gargaɗi sahabbai da kada su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu.

Wannan gargaɗi yana da nauyi na musamman game da ɗan caca. Likitoci sun tabbatar cewa tunanin kashe kai ya fi yawa ƙwarai a tsakanin masu wannan jaraba fiye da sauran jama'a, saboda bashi da kunya da ciwon damuwa da kan taru a kansu lokaci guda. Mutumin da ya ji cewa ya zubar da mutuncinsa, dangi sun juya masa baya, masu bashi suna sallama a ƙofar gida, yana bakin rami. Idan aka ji ya fara cewa gara mutuwa da wannan rayuwa, ko ya daina barci da cin abinci, ko ya fara sallamar mutane, kada a bar shi shi kaɗai, a gaggauta kai shi asibiti a ranar. Aya ta 53 a Suratuz Zumar ta hana waɗanda suka yi wa kansu ɓarna yanke ƙauna daga rahamar Allah. Bai kamata dangi su rufe ƙofar da Ubangiji Ya bari a buɗe ba.

Hanyar fita

Imamu Nawawi ya kawo sharuɗɗan tuba a Riyadus Salihin: barin laifin, da nadama, da ƙudurin rashin komawa, sa'an nan mayar da haƙƙi idan laifin ya shafi wani. Ga ɗan caca, sharaɗi na uku yana da wata ma'ana wadda da yawa ba su lura da ita ba. Ƙudurin rashin komawa ba ya tabbata sai ya haƙura da abin da caca ta ci. Muddin yana riƙe da lissafin dubu ɗari biyar ɗin da ya rasa, yana raya cewa zai buga sau ɗaya tak ya rama sa'an nan ya tuba, to igiyar tana wuyansa. Kuɗin nan sun tafi, ba kuma za su dawo ta ƙofar da suka fita ba. Ranar da ya yarda da haka har cikin zuciyarsa, ya karɓi asarar a matsayin abin da ya riga ya wuce, ranar ce jinyarsa ta fara. Wannan shi ne mafi ɗacin maganin, shi ne kuma asalinsa.

Na biyu, ya fasa ƙwan ga wani amintacce, ya faɗi adadin bashin duka ba ragi. Caca a cikin duhu take girma. Ba ana nufin ya tona wa kansa asiri a bainar jama'a ba, domin suturta kai abin so ne, amma gaya wa wanda zai taimaka neman magani ne.

Na uku, ya fitar da kuɗi daga hannunsa. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta hana danƙa dukiya ga wanda ba ya iya tattalinta, ta kuma yi umurni da a ciyar da shi, a tufatar da shi, a gaya masa magana mai daɗi. Daga nan malaman fiƙihu suka fitar da babin hajaru, watau hana almubazzari tasarrufi da dukiyarsa har ya shiryu. Mai neman tsira ba sai ya jira alƙali ba. Ya miƙa katin banki da albashinsa ko cinikinsa ga matarsa ko wansa, a riƙa ba shi na kashewar yini. Likitocin zamani ma da wannan suke fara ba da shawara.

Na huɗu, ya ƙaurace wa wurin. A cikin hadisin mutumin da ya kashe rai casa'in da tara ya cika na ɗari, malamin da ya buɗe masa ƙofar tuba ya haɗa masa da umurnin barin garinsa zuwa garin mutanen kirki. A 2024 Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama, amma shagon da ya fi kowanne haɗari yana cikin aljihu, ba ya rufewa dare da rana. Hijirar ɗan caca a yau ita ce ya rufe asusunsa na caca, ya goge manhajar, ya fita daga zaurukan masu hasashen wasa, in ta kama ya koma ƙaramar waya marar intanet, ya kuma haƙura da gidan kallon ƙwallo na wani lokaci. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya gayyaci abokinsa caca da baki kawai, an umurce shi da yin sadaka. Idan furucin kaɗai yana bukatar kaffara, ina ga zama a majalisarta?

Na biyar, ya ga likita. Maganin da aka fi tabbatar da amfaninsa shi ne zama da masanin halayya, wanda zai bi gurɓatattun tunanin nan ɗaya bayan ɗaya, irin su saura ƙiris da yau ranar sa'ata ce, ya warware su, ya kuma koya wa majinyaci yadda zai yi idan sha'awar ta taso. In akwai ciwon damuwa ko rashin barci, a ba shi magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta Jihar Sakkwato, akwai kuma na Dawanau a Kano. Zuwa can ba ya nufin hauka, ba ya kuma cin karo da tawakkali, kamar yadda ɗaure raƙumi bai ci karo da shi ba. A wasu ƙasashe masu wannan jaraba sukan haɗu su ƙarfafi juna, irin ƙungiyar Gamblers Anonymous da aka kafa a Amurka a 1957. Masallaci da majalisin karatu suna iya cike wannan gurbi, in limamai sun koyi sauraro da riƙe sirri.

Batun bashi

Saura tambayar da ta fi damun dangi: a biya masa ko kada a biya? Abin da aka ci shi a caca ba bashi ba ne a Shari'a, domin ƙullin ɓatacce ne tun asali. Amma abin da ya ranta a hannun bayin Allah, da amanar da ya ci, suna wuyansa sai ya biya. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta sanya masu bashi cikin waɗanda ake ba zakka, sai dai malaman Malikiyya sun togace wanda ya ci bashin don saɓo, har sai tubansa ya bayyana. Hikimar a fili take. Biya wa ɗan caca bashi tun bai daina ba zuba ruwa ne a kwando, yana kuma koya masa cewa kullum akwai mai tare masa. Abin da ya dace shi ne a ciyar da matarsa da 'ya'yansa kai tsaye, domin su ba su yi laifin komai ba, a zauna da masu bashi a tsara biya kaɗan-kaɗan daga guminsa, kuma duk taimakon da za a yi ya tafi hannun mai bashi, kada ya bi ta hannunsa. Idan kuma akwai sauran kuɗin da ya ci a caca, ya rabu da su ta hanyar ba mabukata, ba da niyyar neman ladan sadaka ba.

Amsar tambayar da aka fara da ita ke nan. Telan nan mai laifi ne, majinyaci ne kuma, ba a raba ɗaya da ɗaya. Wanda ya kira shi fasiƙi kawai ya hana shi magani, wanda ya kira shi majinyaci kawai ya hana shi tuba, shi kuwa yana bukatar duka biyun. In ya sake zamewa bayan wata shida, a tambaye shi ta wace kafa abin ya shigo, a toshe ta, ya sabunta tuba, a ci gaba. Hannun mutum ba ya ruɓewa ya yanke ya yar, amma kuma ba ya barinsa ba wanki ba ɗauri don gudun zafi.

Allah Ya yaye wa waɗanda aka jarraba, Ya ba iyalansu haƙuri da basira, Ya tsare zuriyar Musulmi daga cin dukiya ta hanyar ɓarna, Ya wadata kowa da halal. Amin.